Sarki Njoya na Bamun da fadar da ya bari a Fumban

Duk wanda ya je yawon buɗe ido birnin Fumban da ke yammacin ƙasar Kamaru, da wuya ya bar garin ba tare da ya tsaya a gaban wani dogon gini na jan bulo mai hawa uku da ke daura da kasuwa ba.

Wannan gini shi ne fadar Sarkin Bamun, wadda aka fara ginawa a shekara ta 1917. Mutumin da ya tsara ta shi ne Sarki Ibrahim Njoya, na 17 a jerin sarakunan Bamun, wanda ya rasu a shekara ta 1933 a birnin Yawunde, inda Turawan mulkin mallaka na Faransa suka yi masa ɗaurin talala.

Shekara da shekaru wani sashe na fadar ya kasance gidan adana kayan tarihi, kafin a buɗe sabon gini a kusa da ita a watan Afrilun 2024. Akasarin abubuwan da ke jan hankalin baƙi a wurin, kama daga littattafan da aka rubuta da wasu haruffan da ba na Larabci ba kuma ba na boko ba, har zuwa injin niƙan masara, duk suna da alaƙa da wannan sarki, wanda ya yi mulki a daidai lokacin da manyan dauloli ke hadiye ƙananan masarautun Afirka ɗaya bayan ɗaya.

Maraya a kan gado

Bisa tarihin da al'ummar Bamun ke riƙe da shi, wani yarima mai suna Nchare Yen ne ya kafa masarautar a shekara ta 1394, bayan da ya yi ƙaura daga ƙasar Tikar. Amma sai a zamanin sarki na 11, wato Mbuembue, masarautar ta bunƙasa ta mamaye maƙwabtanta. Shi ne aka ce ya kewaye Fumban da ramin ganuwa domin kare garin daga hare-haren mahaya dawaki da ke gangarowa daga arewa, kuma da shi ake danganta tambarin maciji mai kai biyu, wanda ke nuna yadda ya yi yaƙi ta fuska biyu a lokaci guda ya kuma yi nasara.

Njoya bai gaji irin wannan ƙarfi ba. Yana ƙaramin yaro aka kashe mahaifinsa, Sarki Nsangu, a cikin shekarun 1880 a wani yaƙi da mutanen Nso, waɗanda suka sare kansa suka tafi da shi. A al'adar Bamun wannan babbar masifa ce, domin kuwa ƙoƙon kan sarkin da ya shuɗe yana cikin abubuwan da ke tabbatar da halaccin magajinsa.

Mahaifiyarsa Njapndunke, mace mai ƙarfin hali da ake shakka a fada, ita ce ta riƙe ragamar mulki kafin ya girma. Ta ci gaba da faɗa a ji a masarautar har zuwa rasuwarta a shekara ta 1913.

A tsakiyar shekarun 1890, wani babban bafade mai suna Gbetnkom Ndombuo ya yi tawaye, ya tara mayaƙa masu yawa, ya kuma toshe hanyoyin da ake kawo abinci cikin birni. Da yunwa ta fara cin mutanen Fumban, sai matashin sarkin ya yanke wata shawara da dattawan fada da dama ba su so ba, ya aika wa Lamidon Banyo Umaru da neman taimako. Banyo na ƙarƙashin masarautar Adamawa ne, wadda ita kuma take bin Sakkwato. Ma'ana dai ya nemi agaji daga irin mutanen da kakanninsa suka haƙa ganuwa saboda su.

Dawakin Banyo suka zo, aka murƙushe tawayen, Njoya kuma ya biya ladan wannan taimako da bayi da dukiya mai tarin yawa.

Ruwayoyin Bamun sun nuna cewa abin da ya fi tsaya wa sarkin a rai shi ne yadda ya ga mayaƙan Fulani sun yi sahu sun yi salla kafin su shiga fagen daga. Da ya nemi sanin asirinsu na yaƙi, sai aka nuna masa cewa addini ne. Daga nan ne ya karɓi Musulunci tare da wasu daga cikin fadawansa, aka fara samun malamai a fada, fatake Hausawa masu neman goro da hauren giwa kuma suka ƙara samun gindin zama a garin.

Mafarkin allo

A hannun waɗannan malamai da fatake ne Njoya ya fara ganin takardun da aka rubuta da Larabci, ya ga yadda mutum zai aika magana nesa ba tare da ɗan aike ya ƙara ko ya rage ba.

Labarin da aka fi bayarwa game da asalin rubutun Bamun ba zai zama baƙo ga wanda ya yi makarantar allo ba. An ce sarkin ya yi mafarki an umarce shi da ya ɗauko allo ya zana hannun mutum a kai, sa'annan ya wanke ya sha. Da gari ya waye ya aikata hakan, sai ya tara fadawansa ya ce kowa ya je ya zano abubuwan da ya sani, ya kawo tare da sunayensu. Daga cikin waɗannan zane-zane ne aka tace alamomi kusan 500, a wajajen shekara ta 1896, inda kusan kowace alama ke tsaye a madadin kalma guda.

Abin da ya bambanta Njoya da mai mafarki kawai shi ne abin da ya biyo baya. Alamomi 500 sun yi wa mai koyo yawa, saboda haka sai sarkin da marubutansa suka yi ta gyara suna ragewa, suna mayar da alamomin daga hoton abu zuwa sautin gaɓar kalma. A shekara ta 1910 suka tsaya a kan haruffa 80, ciki har da alƙaluman lissafi, ana rubutawa daga hagu zuwa dama. Sunan wannan tsari a-ka-u-ku, wato an ɗauko shi daga haruffa huɗu na farko, kamar dai yadda aka samo sunan abajada a Larabci. Masana tarihin rubutu kan yi nuni da cewa irin wannan sauyi ya ɗauki wasu al'ummomi ɗaruruwan shekaru, amma a Fumban an yi shi cikin ƙasa da shekara 15, a gaban idon mutum guda.

Kuma rubutun bai tsaya a matsayin kayan ado na fada ba. Sarkin ya buɗe makarantu a birni da ƙauyuka, ya sa aka riƙa rubuta hukunce-hukuncen shari'a, da haihuwa, da aure, da mutuwa, da cinikin filaye. Ya jagoranci rubuta wani babban littafi kan tarihi da al'adun Bamun, wanda daga bisani aka fassara zuwa Faransanci aka buga a shekara ta 1952, da wani kan magungunan gargajiya, da wani kan zamantakewar aure. Kazalika ya ƙirƙiro wani harshen sirri na fada mai suna Shumom, wanda ya cakuɗa kalmomin da ya tsinto daga harsunan Turawa da na maƙwabta, ya sauya musu ma'ana.

Tilas ne dai mai karanta littafin tarihin ya tuna cewa sarki ne ya sa aka rubuta, kuma ya fi fito da abin da zai ƙarfafa gidan sarauta.

Zuwan Jamusawa

A watan Yulin 1902 Jamusawa suka iso Fumban, wato 'yan watanni kafin sojojin Ingila su ci Kano da Sakkwato. Njoya yana da labarin abin da ya faru da waɗanda suka ja da su. An ƙone Tibati a shekara ta 1899, sa'annan a farkon 1902 shi kansa Lamidon Banyo da ya cece shi ya rasa ransa a hannun sojojin Jamus. Saboda haka sai sarkin ya hana mutanensa ɗaukar makami, ya tarbi baƙin da kyaututtuka.

Wannan mataki ya tsirar da Fumban daga ƙonewa, ya kuma bar wa Njoya ikon gudanar da harkokin cikin gida fiye da yadda aka bar wa sarakuna da dama a Kamaru. A shekara ta 1906 mayaƙansa suka mara wa Jamusawa baya a yaƙin da suka kai wa Nso, inda bayan nasara aka dawo masa da ƙoƙon kan mahaifinsa, kimanin shekara 20 bayan tafiya da shi. A cikin wannan shekarar ce kuma 'yan mishan na Basel suka kafa tasharsu a garin tare da amincewarsa.

Har yanzu ana muhawara kan wannan ɓangare na rayuwarsa. Wasu na ganin hikima ce ta shugaban da ya san ƙarfinsa ya kuma san na abokin karawarsa. Wasu kuma, musamman idan aka dubi abin da ya samu mutanen Nso, na ganin ya sayi zaman lafiyar Bamun ne da jinin maƙwabta. Duka ɓangarorin biyu suna da hujja. Haka nan bai kamata ƙawar fadar ta mantar da mai ziyara cewa masarautar ta dogara ƙwarai a kan aikin bayi ba, kuma sarkin yana da mata ɗaruruwa, kamar yadda tsarin sarautar Bamun ya tanada a wancan zamani.

A farkon shekara ta 1908 Njoya ya yi tattaki zuwa Buea, hedkwatar mulkin Jamus da ke gindin Dutsen Kamaru, ɗauke da wata kyauta ta zagayowar ranar haihuwar Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu. Kyautar ita ce karagar mulkin mahaifinsa mai suna Mandu Yenu, wadda aka sassaƙa da itace aka lulluɓe da duwatsun ado na gilashi masu launi iri-iri da kuɗin wuri. Jami'an gidan tarihi na Berlin sun daɗe suna kwaɗayinta, suna matsa wa jami'an mulkin mallaka su samo ta. Bincike ya nuna cewa sarkin ya sa an fara sassaƙa wata irinta domin a ba Jamusawa, amma ba a kammala a kan lokaci ba, sai ta asalin ta tafi, sabuwar ta zauna a Fumban. Daga cikin tukuicin da aka aiko masa akwai babban hoton Sarkin Jamus da wata na'urar kiɗa.

A hotunan farko-farko na wannan zamani ana ganin Njoya da dakarunsa sanye da kayan soja irin na Jamusawa, waɗanda teloli na fada suka ɗinka. Bayan 'yan shekaru sai ya ajiye su, ya koma babbar riga mai aiki da rawani irin na Hausawa da Fulani, shigar da sarakunan Bamun suka riƙe har yau. Ya kuma kafa marina a fada, inda ake rina irin shuɗin zanen sarauta da a da fatake ke kawowa daga yankin Binuwai.

Addini, taswira da gini

Dangantakarsa da addini ita ce ta fi komai sarƙaƙiya. Ya saurari wa'azin 'yan mishan, ya bar 'ya'yansa sun shiga makarantarsu, amma bai yarda aka yi masa baftisma ba, tun da sharaɗin shi ne ya rabu da matansa ya bar guda. A ɗaya ɓangaren kuma malamai ba su amince da shan bammi ba, alhali kuwa yana cikin shagulgulan fada da tsafe-tsafen gargajiya. A wajajen shekara ta 1915 sai ya fito da wata aƙida tasa ta kansa, wadda ta haɗa wasu koyarwar Musulunci da na Kirista da al'adun Bamun, har ya sa aka rubuta mata littafi. Wannan yunƙuri bai yi ƙarko ba. Cikin 'yan shekaru ya watsar da shi ya koma Musulunci, ya riƙe laƙabin Sultan, kuma a kan haka ya cika. A yau mafi yawan al'ummar Bamun Musulmi ne.

A shekara ta 1912 ya ƙaddamar da wani aikin da ba a saba ganin sarki ya yi ba. Ya fita da tawagar marubuta da masu awo suna bin ƙasar gari-gari, suna rubuta sunayen ƙauyuka, da koguna, da duwatsu, da nisan tafiya tsakaninsu. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya katse aikin, aka ƙarasa shi a 1920. Taswirar da ta fito ta sanya Fumban da ganuwarta a tsakiya, an zana birnin da girma fiye da kima, koguna kuma sun zama iyaka. Manufar a fili take: ya ga yadda Turawa ke raba ƙasa a kan takarda, sai ya nemi ya riga su rubuta tasa.

Tsohuwar fadar Bamun an yi ta ne da gwangwala da ciyawa da ginshiƙan itace masu sassaƙa. Gobara ta cinye ta a shekara ta 1913. Da ya tashi gina sabuwa, Njoya ya tuna da gidan gwamnan Jamus da ya gani a Buea. Ya sa aka gasa bulo a nan gida, ya tsara ginin da kansa, magina 'yan ƙasa suka ɗora. Mai ziyara da ya shiga babban zauren zai tarar da manya-manyan ginshiƙai da suka tokare rufi, da bakan gizo a kan ƙofofi, da barandar katako da aka yi wa sassaƙa. Akwai kamannin ginin Jamus a jikinsa, akwai na ƙasashen Musulmi, amma ba za a ce kwafin ɗaya daga cikinsu ba ne.

Abin takaicin shi ne a lokacin da ginin ke tashi, ikon mai shi yana raguwa.

Takun-saƙa da Faransawa

Sojojin Ingila sun shiga Fumban a watan Disamban 1915, aka kwashe Jamusawan da ke garin, sa'annan a 1916 yankin ya faɗa hannun Faransa. Dabarar da ta yi wa Njoya aiki sau biyu, wato ya rungumi mai ƙarfi ya koyi abin da ke hannunsa, a wannan karon ba ta ci ba. Faransawa suna kallonsa a matsayin aminin Jamus, kuma tsarin mulkinsu ba ya son sarkin da ke da kotunsa, da harajinsa, da makarantunsa, da rubutun da jami'insu ba zai iya karantawa ba.

Sun kuma sami abokin tafiya a cikin gida. Mose Yeyap, wani ɗan gidan sarauta da ya karɓi addinin Kirista ya zama tafintan Faransawa, ya tsaya a matsayin babban abokin hamayyar sarkin. Ya janye masu sana'ar hannu daga fada ya kafa musu unguwarsu, ya kuma fara baje kayayyakin ƙungiyoyin asiri a bainar jama'a, abubuwan da a da ganinsu kaɗai kan iya jawo wa talaka hukunci mai tsanani. A cikin wannan yanayi na shekarun 1920 ne shi ma Njoya ya tara kayan kakanninsa ya kafa gidan tarihi a fada. Wato dai gidan tarihin da baƙi ke sha'awa a yau ya samo asali ne daga gwagwarmayar neman iko, a lokacin da kayan da ake mulki da su suka fara zama kayan kallo.

A shekara ta 1924 Faransawa suka raba ƙasar Bamun zuwa gundumomi, suka naɗa hakiman da ke karɓar umarni kai tsaye daga wurinsu, suka hana kai wa sarki gaisuwar shekara, suka kuma dakatar da bikin Nguon. Makarantun rubutun Bamun suka durƙushe. Njoya ya koma gonarsa da ke Mantum, ya fi mayar da hankali ga rubuce-rubuce da noma. Duk da haka hukumomin ba su sami natsuwa ba, sai a 1931 suka ɗauke shi zuwa Yawunde. A can ya rasu ranar 30 ga watan Mayun 1933, aka dawo da gawarsa Fumban aka binne. Ƙarshensa ya yi kama da na Sarkin Kano Alu, wanda shi ma ya rasu a Lakwaja bayan Turawan Ingila sun raba shi da gadonsa.

Ɗansa Seidou Njimoluh Njoya ne ya gaje shi, ya yi shekara 59 a kan gado har zuwa 1992. Daga nan sai jikansa Ibrahim Mbombo Njoya, wanda ya riƙe muƙaman minista a gwamnatin Kamaru kafin ya hau karaga, kuma a zamaninsa aka farfaɗo da bikin Nguon. A wannan biki ne sarki ke sauka daga kujerarsa ya tsaya a gaban jama'a, wakilan al'umma su karanto masa kura-kuransa kafin a sake ba shi izinin zama. Hukumar UNESCO ta sanya bikin a jerin al'adun duniya da ake karewa a watan Disamban 2023.

Sabon gidan tarihin da aka buɗe a 2024 an gina shi ne da siffar tambarin masarautar: maciji mai kai biyu, gizo-gizo a bisansa, da kuge a mashiga. A ciki akwai dubban kayayyaki, ciki har da rigunan naɗin sarauta, da makamai, da manyan lofe na taba, da wata ƙwarya da aka kewaye da muƙamuƙan abokan gaba da aka kashe a yaƙi. Akwai kuma takardun Njoya, waɗanda masana suka ɗauki hotunan dubbai daga cikinsu domin kada su lalace. Tun shekara ta 2009 aka shigar da haruffan Bamun cikin tsarin rubutun kwamfuta na duniya, sai dai waɗanda ke iya karanta su da kyau ba su da yawa, ko da yake fadar na ƙoƙarin koyar da matasa.

Abu guda da mai ziyara ba zai gani a Fumban ba shi ne karagar Mandu Yenu ta asali, wadda aka tafi da ita Berlin tun 1908. A takardun Jamus an rubuta ta a matsayin kyauta, yayin da masu fafutukar dawo da kayan tarihin Afirka ke tambayar ko sarkin da ke ƙarƙashin mamaya yana da ikon ya ce a'a. A watan Yunin 2023, Sultan Nabil Mbombo Njoya, sarki na 20 wanda ya hau gado a 2021, ya ziyarci gidan tarihin Humboldt Forum da ke Berlin tare da fadawansa. Da ya iso wurin da aka ajiye karagar, sai ya taka ya hau ya zauna a kanta, jami'an gidan suna tsaye suna kallo.